Lissafin gudu da ƙaruwar gudu

Ƙanena, ka ce an ba ku babur da ya tashi daga tsaye a Garwa, cikin daƙiƙa 5 ya kai kilomita 36 a awa, ana neman ƙaruwar gudunsa. Fara mayar da gudun zuwa mita a daƙiƙa: raba 36 da 3.6, ya ba ka 10. Nan ɗalibai suka fi faɗuwa, sai su raba 36 da 5 kai tsaye. Yanzu ɗebe gudun farko, wato sifili, daga 10, ka raba da 5: amsa 2 m/s², wato gudun yana ƙaruwa da mita 2 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa ɗaya. In birki aka taka, amsar za ta fito da alamar ragi, kada ka goge ta. Tambayoyin zanen jadawali kuwa, kai wa malaminku na fiziks ya zana maka a allo.