Mota ta ƙi tashi da safe: batir ne ko wani abu daban?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan taksi ne a nan Yamai, unguwar Wadata. Kwanakin nan in na murɗa kontak da safe sai in ji kat-kat-kat kawai, injin ba ya tashi sai yara sun tura ni, amma in mota ta yi zafi tana tashi lafiya lau. Makanike ya ce in sayi sabon batir, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, shi ya sa na ce bari in tambaya tukuna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Don Allah kar ka hidda kuɗinka kafin a auna.

Gobe da safe kunna fitilun gaba sannan ka murɗa kontak. In haskensu ya dushe kamar zai mutu, wuta ce ba ta isa. In kuwa hasken yana nan garau kuma ƙara ɗaya ka ji, kat, to demarer, wato na'urar da ke murɗa injin ya tashi, za a duba.

Sai ka buɗe kapo ka dubi kawunan batirin, sau da yawa nan matsalar take, wani farin gari ko kore-kore ya taru ko kos ɗin, wato ƙarfen da ke kama waya a kan batir, ya yi sako-sako, wuta tana ciki amma ba ta wucewa. Cire kos ɗin minus, mai alamar (-), da farko, ka wanke da bikarbonat da ruwa, ka goge, ka ɗaure da kyau.

Bayan nan je wurin mai wutar mota ya sa na'urar awo a gabanka. Batir mai lafiya in mota ta kwana yana nuna wajen volt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12 ya zube. Lokacin da ake tada injin bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Sannan in injin yana aiki a ga tsakanin 13.8 da 14.4, in ba a gani ba alternater, wato na'urar da ke cajin batir, shi ne ba ya caji, kuma wallahi wannan yana min ciwo, mutum ya ci bashi ya sayi sabon batir, sati biyu shi ma ya kwanta.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, shi ke shanye ruwan batir, sanyin hunturu kuma ya tona asiri. In naka mai murfi ne ƙara masa tataccen ruwan batir (distile), ban da na pampo. Amma in ya kumbura ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, canza shi yau, kuma kar a sha taba kusa da shi.