Ciyawar farfajiyata ta bushe, ga dokar hana ban-ruwa da tiyo: yaya zan yi?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Zariya ne, shekarata uku a birnin Bradford na ƙasar Ingila. Ina haya da iyalina a wani gida mai 'yar farfajiya a baya, an shimfiɗe ta da ciyawa, tsawonta kamar mita 8, faɗinta 5. Bazarar nan ruwan sama ya ɗauke, ciyawar ta bushe ta koma kamar ingirici, ga shi kamfanin ruwa ya hana ban-ruwa da tiyo. A takardar haya an rubuta cewa kula da farfajiyar a wuyana take, ina tsoron ta mutu mai gida ya yanke kuɗi daga ajiyar da na bayar. Na fara jido ruwa da yamma, bokiti huɗu ko biyar, ina watsa mata, amma shiru kake ji. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, ka kuma ajiye bokitin nan tukuna. Mafi yawan zato ciyawarka ba ta mutu ba, barci ta yi.

Irin ciyawar da ake shukawa a gidajen Ingila, galibi rayigiras ce gauraye da feskiyu, tsirrai ne na ƙasar sanyi. Idan zafi ya tsananta ƙasa ta bushe, sai su sallama ganyensu ya ƙone, su tattara ɗan ran da ya rage a tushe, wato wannan ɗan kullutun da ke daidai fuskar ƙasa inda ganye da saiwa suka haɗu. Muddin tushen na nan da rai, ruwan farko mai ƙarfi da zai sauka zai tashe ta. Kai da ka tashi a Zariya ka san yadda fili ke zama fayau a watan Maris, a yi ruwa biyu ka ga ya yi kore shar. Sai dai akwai ɗan bambanci. Da yawa daga cikin hakin dajinmu mutuwa yake yi da rani, irin da ya zubar ne ke tsirowa da damina. Taka ciyawar ta fi kama da kiri-kiri, wadda ke kwanciya da ranta a ƙasa ta jira ruwa. Ciyawar da ta kafu tana iya yin mako huɗu zuwa shida a wannan hali, sau da yawa ma fiye, ba tare da ta yi asara mai yawa ba.

Ga yadda za ka tabbatar da idonka. Ka durƙusa, ka damƙi busasshiyar ciyawar cikin hannu ka ja a hankali. In ta yi gardama ta ƙi fitowa, saiwarta na riƙe da ƙasa. Ka buɗa ganyen da yatsu ka duba gindin: idan ka ga fari-fari ko kore-kore, da ɗan tauri in ka matsa da farce, tana raye. Wadda ta mutu kuwa tana biyo hannunka ba wuya, gindinta ya yi baƙi-baƙi yana marmashewa. Ka gwada a wuri huɗu ko biyar, musamman gefen katanga da bakin daɓen siminti, don can zafi ya fi cin ta. Abu ɗaya da zan so ka lura da shi: in wani yanki ya ɗago gaba ɗaya kamar ana naɗe darduma, ka tona ka duba. Akan tarar da fararen tsutsotsi masu lanƙwasa irin gwazarma suna cin saiwar, kuma tsuntsaye ko dila kan zo su yi ta tonon wurin. Wannan wata cuta ce daban, ruwa ba zai warkar da ita ba.

A bazarar 2022, wadda a ranar 19 ga Yuli zafi ya kai digiri 40.3 a garin Coningsby na Ingila, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Birtaniya, na shiga gidaje da dama inda ciyawa ta zama kamar tabarmar kaba, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Wata dattijuwa har ta nemi in kawo ma'aikata a kwashe tata a shimfiɗa sabuwa. Na ciro mata ɗan tushe ɗaya na tsaga da farce, ta ga cikinsa fari da danshi, na roƙe ta ta ba shi wata guda. Ruwan Satumba na sauka, kafin mako uku farfajiyar ta rufe, sai wurare biyu uku da muka yi wa sabon iri.

Yanzu mu yi lissafin bokitinka, don nan ne nake ganin kana wahalar da kanka a banza. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce cif. Don a riƙe ciyawa kore cikin zafi, tana son kamar milimita 25 a mako. Farfajiyarka murabba'in mita 40 ce, ke nan lita 1,000 duk mako, bokiti ɗari idan mai lita 10 ne. Kai kana zuba biyar a rana, wato milimita ɗaya da ɗoriya. Wannan bai wuce ya jiƙa fatar ƙasa ba, kafin azahar ɗin gobe rana ta shanye shi. Kuma yana da illa. Ɗan yayyafin kullum yana yaudarar tushe ya fitar da sabon ganye, ganyen ya ƙone, ya sake fitarwa, da haka abincin da ya ajiye yake ƙarewa. Saiwar ma sai ta saba neman ruwa a sama-sama, inda zafi ya fi gasa ta. Gara ka bar ta ta yi barcinta. Idan farin ya zarce wata ɗaya da rabi babu ko ɗigo, to za ka iya yi wa wuraren da suka fi shan rana ban-ruwa mai nauyi sau ɗaya a mako biyu ko uku, da asuba, don kawai tushen ya riƙe rai. Kada ka jira ganin kore daga wannan. Ka zuba a hankali, kashi biyu, domin busasshiyar ƙasa takan ƙi shan ruwa da farko, ka ga yana birgima a kanta kamar a kan ganyen gwaza. Zubin farko ya tausasa ta, bayan rabin awa ka ƙara.

Game da dokar, yana da kyau ka san iyakarta. Abin da ta hana shi ne jan ruwan famfo da tiyo don ban-ruwan lambu, wanke mota, cika kwamin wankan yara da makamantansu, kuma tarar wanda ya karya tana iya kaiwa fam 1,000. Bokiti da butar ban-ruwa ba su shiga ciki ba, don haka ba ka yi laifi ba. Ruwan sama da ka tara a tanki, ko da tiyo ka ja shi, halal ne. Kamfanoni sukan kuma ɗaga ƙafa ga masu larurar da ba za su iya ɗaukar bokiti ba, da wanda ya shimfiɗa sabuwar ciyawa, yawanci na kwana 28, amma sharuɗɗan sun bambanta daga yanki zuwa yanki, sai ka karanta na kamfaninku a shafinsa na intanet. A yankinku na Yorkshire an sa wannan doka ranar 26 ga Agustan 2022, ba a ɗage ta ba sai farkon Disamba, aka kuma sake sa ta ranar 11 ga Yulin 2025. Ni ina goyon bayan a bi ta tsakani da Allah. Injin fesa ruwa na lambu yana iya shan lita 1,000 a awa ɗaya, ruwan da aka tace don sha, daga madatsar da asibiti da maƙwabcinka suke dogaro da ita. Mu da muka san layin jarkoki a bakin rijiyar burtsatse bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

Ruwan da za ka iya samu, ka kai shi inda ake buƙata. Itacen da aka dasa cikin shekara biyu ko uku da suka wuce, furannin da ke cikin tukwane, tumatir ko alayyahon uwargida, waɗannan in suka bushe sun tafi ke nan. Su za ka ba, a gindi, da sassafe ko bayan magariba, ka rufe gindin da busasshen ganye ko ɓawon itace don danshi ya daɗe. Kuma gida irin namu akwai ruwa mai yawa da ke bin rariya. Ka ajiye roba a ƙarƙashin famfo lokacin alwala. Mutum biyar, salla biyar, za ka sha mamakin abin da zai taru, kuma ruwa ne mai tsabta babu sabulu. Ruwan wanke shinkafa da kayan miya, da wanda ke zuba kafin na wanka ya yi ɗumi, duk a tara. Na wanka mai ɗan sabulu ba ya cutar da ciyawa ko itace, amma a yi amfani da shi a ranar, kada ya kwana biyu ya yi wari, kada kuma a zuba wa ganyen da ake ci ɗanye. Wanda ke da bilic, wato sinadarin da ke faranta tufafi, ko maiƙo, ko gishirin injin wanke kwanuka, a bar shi ya bi hanyarsa. In mai gida ya yarda, ka kafa tanki mai lita 200 a bakin bututun indararo. Rufin murabba'in mita 30 in ya samu ruwa milimita 10 zai ba ka lita 300, tanki ya cika har ya tumbatsa.

Sauran kulawar duk na kame hannu ne. Kada ka sa takin zamani yanzu, gishiri ne a wurin busasshiyar saiwa, ƙona ta zai yi. Kada ka fesa maganin kashe haki. Idan ta daina girma, injin aski ya huta. In akwai inda ke tsawo a inuwa, ka ɗaga wuƙar injin ta bar kamar santimita 6 ko 7, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a aski ɗaya, ka bar abin da aka aske a wurin in bai yi tuli ba, yana yi wa ƙasa inuwa. Sai maganar yara, wadda na san ita ce mai wuya. Busasshen tushe ba ya jure tattaki, kuma ba zai iya gyara kansa ba sai ruwa ya dawo. Inda aka kafa ragar ƙwallo nan ne za ka ga ƙasa tsirara a kaka. A kai su filin unguwa na 'yan makonnin nan, in ba hali a riƙa sauya wurin wasan. Za ka kuma ga wani ɗan haki mai ganye uku-uku da farin fure, kuloba, ya tsaya kore alhali komai ya ƙone. Kada ka tuge shi. Dangin wake da gyaɗa ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda suke yi a gona, ya kuma fi ciyawar jure fari.

Aikin gaske sai Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da ƙasa ke da sauran ɗumi ga kuma danshi. Ka ba ta mako biyu ko uku bayan ruwa ya kankama, ka ga inda ya farfaɗo da inda ya ƙi. Sai ka bi ta da manjagara mai haƙoran waya ka karce mataccen ganyen da ya danƙare. Ka ɗauki shebur mai yatsu ka soka ƙasa zurfin santimita 10 zuwa 15, tazarar kamar taƙi ɗaya, kana ɗan girgiza shi, domin fari da tattaki suna daskarar da ƙasa, musamman mai yumɓu. Inda ya yi sanƙo ka watsa iri, kamar giram 25 a murabba'in mita, ka zaɓi haɗin da feskiyu ta yi yawa a ciki don ta fi haƙurin ƙishi, ka rufe da 'yar ƙasa mai laushi, ka taka a hankali. Cikin kwana goma zuwa mako biyu za ka ga tsiro kamar gashin jariri. Shi wannan yana son danshi kullum, in ruwan sama ya yi jinkiri, nan bokitinka zai yi rana. Takin kaka, mai ƙarancin sinadarin naitirojin, shi ya dace a lokacin.

Batun mai gida kuma, kada ka jira ranar tashi. Ka ɗauki hoton farfajiyar yau, ka haɗa da sanarwar kamfanin ruwa, ka aika masa ko wakilinsa a rubuce cewa doka ta hana ban-ruwa da tiyo, kuma za ka yi gyara a kaka. A Ingila doka ta wajabta a sa kuɗin ajiyar mai haya a ɗaya daga cikin asusun kariya da gwamnati ta amince da su, kuma idan an yi saɓani kan abin da za a yanke, akwai mai shiga tsakani da ke duba hujjar kowa kyauta. Hotunan yau da na watan Oktoba su ne hujjarka, ka ajiye su wuri ɗaya da takardar haya.