Cinikin duniya ne ke mutuwa, ko hanya ya sauya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kwanakin nan labarai ba sa wuce Amurka ta ƙara wa kayan Sin haraji, Turai za ta rama, gwamnati kaza ta ware biliyoyi don masana'antu. Mu kuwa a aji an koya mana cewa gwamnati ta janye hannunta daga kasuwa, kuma ciniki ba shinge shi ke kawo arziki. Me ya sa waɗanda suka koyar da darasin suka juya masa baya? Wa ke biyan wannan haraji? Kuma ƙarshen cuɗanyar tattalin arzikin duniya ne ya zo? Daga wani ɗalibi mai karatun tattalin arziki.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce mai sauƙi. Ciniki bai mutu ba, jiragen ruwa na nan suna ta jigilar kwantena kamar jiya. Abin da ya sauya shi ne tambayar da shugaban kamfani ko minista ke yi wa kansa kafin ya sa hannu. Kusan shekara talatin tun daga 1990, tambayar guda ce: ina aka fi ƙera wannan abu da araha? Yau an ɗora mata wata, wadda sau da yawa ke rinjayar ta farko: ranar da muka ɓata da mai sayar mini, zai iya shaƙe ni? Idan ka riƙe wannan, sauran labaran duk za su zauna maka daidai.

Darasin da aka koya muku ba ƙarya ba ne, an dai rage masa wasu shafuka. Tun 1791 Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, ya gabatar wa majalisa rahoto yana neman a kare jariran masana'antun ƙasarsa da haraji da tallafi. Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta bi wannan hanya, haka Koriya ta Kudu, wadda gwamnatinta ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968. Sai da ƙafarsu ta yi ƙarfi suka fara wa'azin a buɗe ƙofa.

Wadda ta tayar da tsohon zancen ita ce Sin. Ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, a Disambar 2001, kuma a Washington an ɗauka cewa ciniki zai mayar da ita kamar kowa. Ita kuwa ta karɓi kasuwa ba ta saki linzami ba: bashi mai rahusa daga bankunan gwamnati, fili da lantarki a sauƙaƙe, da sharaɗin haɗa gwiwa da kamfanin gida ga baƙon da ke son shiga wasu fannoni. A 2015 ta fito da shirin shekara goma da ya lissafa fannoni goma da take son ta jagoranta, har da motoci masu aiki da lantarki da mutum-mutumin masana'anta. Yau kusan kashi 30 cikin 100 na abin da masana'antun duniya ke ƙerawa daga can yake, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na harkar ƙera faifan sola a hannunta yake. A 2023 ta sha gaban Japan wajen fitar da motoci, a 2024 kuma rarar cinikinta ta kusa dala tiriliyan ɗaya. Garuruwan Amurka da masaƙunsu da masana'antun kujerunsu suka rufe ba su manta ba, kuma suna da ƙuri'a.

Sai annoba da yaƙi suka zo suka ƙarasa. A 2021 masana'antun mota a Amurka da Turai sun tsaya cik saboda ƙarancin 'yar ƙwaƙwalwar na'ura da ba ta wuce farce ba. A nan mutane da yawa suka fara jin cewa kusan kashi 90 cikin 100 na mafi ingancin irinta a tsibirin Taiwan ake yin su, galibi a kamfanin TSMC. A 2022 Rasha ta mamaye Yukiren, Jamus kuwa fiye da rabin iskar gas da take shigowa da ita daga Rasha take. Araha ce ta kai ta can, sai ga shi arahar ta zama igiya a wuya.

Amurka ta fara da sanda. A 2018 Donald Trump ya sa harajin kashi 25 kan ƙarfe da kashi 10 kan alminiyam, sannan ya bi kayan Sin na ɗaruruwan biliyoyin dala. Sin ta rama kan waken soya, manoman Brazil suka kwashi garaɓasa. Joe Biden ya zo bai cire harajin kayan Sin ba, sai ma ya haɗa da jaka. A Agustan 2022 ya sa hannu kan dokar CHIPS mai kimanin dala biliyan 52 don ƙera ƙwaƙwalwar na'ura a gida, da wata dokar da ta ba da rangwamen haraji har dala 7,500 ga mai sayen motar lantarki, da sharaɗin an harhaɗa ta a nahiyar Amurka ta Arewa. A Oktoban shekarar aka hana sayar wa Sin manyan ƙwaƙwalen na'ura da injunan ƙera su, aka kuma matsa wa Holan da Japan su bi sahu. A 2024 harajin Amurka kan motocin lantarki na Sin ya koma kashi 100, Tarayyar Turai ma ta ɗora nata har kashi 35 da ɗoriya a kan kashi 10 na da. Ka lura Trump da Biden 'yan jam'iyyu biyu ne da ba sa ga maciji, amma a kan wannan bakinsu ya zo ɗaya, shi ya sa ban ɗauke shi rikicin mutum guda ba.

A Afrilun 2025 abin ya kai maƙura: harajin Amurka kan kayan Sin ya hau kashi 145, na Sin kan kayan Amurka kashi 125. Wata guda kawai aka jure, a Mayu suka zauna a Janeba suka sauko zuwa 30 da 10. Daga cikin abin da Sin ta riƙe a hannu akwai ma'adanan nan da ake kira masu wuyar samu, waɗanda ake yin maganaɗisun injin mota da na makami da su. Kusan kashi 90 cikin 100 na tace su a Sin ake yi, ta kuma taƙaita fitar da bakwai daga cikinsu. Kowa ya gano inda ɗan'uwansa ke jin zafi.

Yanzu batun wa ke biya. Harajin shigo da kaya ba gwamnatin Sin ke biyansa ba. Kamfanin da ya shigo da kayan shi ke biyan kwastan na ƙasarsa. Daga nan nauyin ke rabuwa uku: mai sayarwa na waje ya rage farashi, ko mai shigowa ya haƙura da wani ɓangare na ribarsa, ko a ɗora wa mai saye. Binciken da masana suka yi kan harajin 2018 da 2019 ya nuna kusan duk nauyin a cikin Amurka ya tsaya. Misalin da na fi so shi ne na injin wanki. An sa masa haraji a 2018, farashinsa ya tashi da kimanin kashi 12 cikin 100. Injin busar da kaya, wanda ba a taɓa ba, shi ma ya tashi, domin tare ake sayen su. Samsung da LG sun buɗe masana'antu a Amurka, an sami ayyuka wajen 1,800, amma da aka raba abin da masu saye suka ƙara biya, kowane aiki ya ci fiye da dala 800,000 a shekara. Ayyukan na gaske ne, tsadar ma ta gaske ce. Bambancin shi ne wanda ya sami aiki ana iya ɗaukar hotonsa, miliyoyin da suka ƙara 'yan daloli kuwa ba wanda ya san fuskarsu. Ƙarfe ya fi wannan ciwo, domin masu amfani da shi wajen ƙera mota da injuna sun ninka masu narka shi sau da yawa.

To an rabu da Sin ɗin? A takarda, e. Rabonta a kayan da Amurka ke shigowa da su ya faɗo daga kashi 21 da wani abu a 2017 zuwa kusan 14 a 2023, shekarar da Meziko ta karɓe matsayi na ɗaya. Amma leƙa cikin kwalin. Kayan da Biyetnam ke tura wa Amurka sun ƙaru, kayan haɗi da take sayowa daga Sin su ma sun ƙaru. Kamfanonin Sin da kansu sun je sun kafa rassa a Meziko da Biyetnam da Hangari. An gudu ba a tsira ba ke nan: an ƙara zango a hanya, an ƙara kuɗin dako, tushen kayan na nan inda yake. Ba na cewa aikin banza ne, ƙasashen da suka zama zango sun sami ayyuka, Indiya ma da shirin tallafinta na 2020 ta jawo harhaɗa wayoyin iPhone. Sai dai harhaɗawa daban, mallakar fasaha daban.

Ko tallafa wa masana'antu daidai ne? Ni ban ɗauke shi haramun ba, ban kuma ɗauke shi maganin kowace cuta ba. Abin da ya fitar da Koriya shi ne tallafinta na da sharaɗi: ka fita kasuwar duniya ka sayar, in ka kasa a juya ga wani. Gwamnati na iya kuskuren zaɓe kamar kowa, inda ta fi rauni shi ne sakin wanda ya gaza, musamman in yana da uwa a gindin murhu. Kuɗi kaɗai ma ba ya yi. Northvolt na Suwidin, wanda Turai ta ɗora wa burin yin batirin kanta, ya tara biliyoyi ya kuma durƙushe a Maris 2025. Siyasa kuma ba ta da haƙurin masana'anta: rangwamen dala 7,500 ɗin nan an soke shi a ƙarshen Satumban 2025, bayan kamfanoni sun riga sun zuba jari a kansa.

Abin da ya fi damuna, wanda labarai ba su cika ɗauka ba, shi ne mutuwar alƙali. WTO na da kotun ɗaukaka ƙara mai kujeru bakwai. Amurka ta yi ta hana naɗa sababbin alƙalai har kotun ta daina zama a Disambar 2019. Tun daga nan duk wanda aka kayar a matakin farko na iya ɗaukaka ƙara zuwa ɗakin da babu kowa, shari'a ta kwanta. Amurka ta yi haka da aka yanke cewa harajinta na ƙarfe ya saɓa ƙa'ida. Indonesiya ma ta koyi karatun. A Janairun 2020 ta hana fitar da ɗanyen nikel, Tarayyar Turai ta kai ƙara ta yi nasara a 2022, Indonesiya ta ɗaukaka ta ci gaba da abinta. Yau fiye da rabin nikel na duniya daga can yake fitowa, ana kuma narka shi a gida, ko da yake yawancin jarin na kamfanonin Sin ne, wutar kuma ta kwal ce.

Indonesiya ta yi hakan ne domin tana da abin da duniya ba ta iya yi sai da shi. Ƙaramar ƙasar da ba ta da nikel, ba ta da babbar kasuwar da za ta yi barazanar rufewa, ba ta da dala biliyan 52, ita ce wadda kotun ta fi yi wa rana. A can ne ƙasa kamar Kosta Rika ta taɓa kai Amurka ƙara kan kayan saƙa a ƙarshen 1995 ta kuma yi nasara. Yanzu irinta sai dai ta shiga ɗaki ita kaɗai da babba, ta karɓi abin da aka miƙo mata.