Amsa: Ko ya dace a rage tallafin manoma a wannan matsi?

Malam, ka tambaya ko ya dace gwamnati ta rage kuɗin da take kashewa kan manoma tunda aljihunta ya yi ƙasa, kana kuma kukan yadda ake rabon tallafin. Ni a ganina nan ne wurin da bai kamata a taɓa ba ko kaɗan.

Kayan gwari nake sayarwa a kasuwar Farin Gada a nan Jos, dankalin Turawa kuma daga Bokkos da Mangu nake sarowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu noman rani suka shiga uku. Ƙanena ya bar rabin fadamarsa ba shuka, don man da zai zuba wa injin ban-ruwa ya fi ƙarfinsa. Na je na ga kwamin a bushe, ƙasa duk ta tsage, wallahi abin ya taɓa ni. Kwandon tumatir ya yi ƙaranci, farashi ya hau, mai cefane ne ke biya.

Inda nake tare da kai shi ne yadda ake rabon. Shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya taimaki masu shinkafa, amma bashi mai yawa bai dawo ba. Kuma a Maputo, babban birnin Mozambique, a 2003 ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi, mu a Najeriya har yau ba mu kai ba.

Abin da ya kamata shi ne taki ya iso hannun manomi tun watan Afrilu, ba sai masara ta fitar da goyo ba. A kuma gyara hanyoyin ƙauye da motocin dankali ke kafewa a cikinsu da damina.