Tambaya da Amsa: Na Sabunta Linux, USB Ya Yi Shiru

Wasiƙun wannan wata kusan duk kuka ɗaya suke yi: an sabunta kwamfuta mai Linux, an kashe an kunna, abin da ake sokawa a ramin USB ya daina aiki. Mun zaɓi biyar, domin ko da kukan iri ɗaya ne, ciwon daban-daban ne.

Tambaya: Assalamu alaikum. Laftof ɗina na da Ubuntu 22.04, kuma da ɗan ƙaramin Wi-Fi na USB nake shiga intanet saboda na cikinta ya mutu. Na yi sabuntawa da dare, da safe na kunna babu alamar Wi-Fi. Filash kuwa yana karantuwa a wannan ramin. Mai gyara ya ce sai an goge komai an sake ɗora Ubuntu. Haka ne? Ɗalibi, daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yarda a goge maka komai. Abin da ya canza a daren nan shi ne kanel, wato zuciyar Linux, wadda ke tsakanin manhajojinka da ƙarafan kwamfuta. Duk direbobin USB, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta iya aiki da kowace na'ura, a jikinsa suke rataye. Ubuntu 22.04 ta fito da kanel 5.15, daga baya na kwamfutocin gida ya yi ta hawa zuwa 5.19, 6.2, 6.5 har 6.8. Ba ƙaramin tsalle ba ne, kuma a kowane hawa akwai direban da zai iya zamewa.

Abin daɗin shi ne Ubuntu ba ta jefar da tsohon kanel nan take. Kashe kwamfutar ka kunna. Da tambarin kamfani ya ɓace, danna Esc sau ɗaya idan ta zamani ce mai UEFI, ko ka riƙe Shift idan tsohuwa ce mai BIOS. Allon GRUB, inda ake zaɓar abin da kwamfuta za ta tashi da shi, zai fito. Shiga Advanced options for Ubuntu, ka zaɓi kanel mai ƙaramar lamba, wanda ba a rubuta recovery mode a gabansa ba. In ta gama tashi, buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta uname -r don ka tabbatar a kan tsohon kake. Idan Wi-Fi ya dawo, na'urarka lafiyarta ƙalau, ramin ma haka, kuma ga intanet ka samu da za ka yi gyaran.

Yanzu rubuta lsusb. Za ka ga layi mai lambobi biyu da aka raba da ɗigo biyu, kamar 0bda:c811. Ta farko ta kamfani ce, 0bda kuwa Realtek ne, wanda yawancin 'yan ƙananan Wi-Fi masu araha da ke kasuwanninmu ke ɗauke da shi. Rubuta lambar nan a takarda, domin sunan da ke jikin kwali ba ya faɗa maka abin da ke ciki. Kwali iri ɗaya kan zo da ciki daban.

Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori direbansu ba ya cikin kanel, wani ne ya ɗauko shi daga waje ya ɗora maka. Direban waje kuwa dole a sake gina shi ga kowane sabon kanel, kuma wata manhaja mai suna DKMS ce ke wannan aikin a ɓoye. Rubuta:

dkms status

Idan ka ga installed a gaban tsohon kanel amma babu layin sabon, ginin ne ya faɗi. Dalili na farko shi ne rashin kunshin linux-headers na sabon kanel, wanda da shi ake gina direba. Ka ɗora shi da cikakkiyar lambarsa, misali sudo apt install linux-headers-6.8.0-45-generic, amma ka sa lambar da ka gani a GRUB naka, sannan sudo dkms autoinstall -k da wannan lambar a gaba. Dalili na biyu, direban ya tsufa, kanel ya canza abin da yake dogara da shi. Wannan zai nuna a fayil ɗin make.log da ke ƙarƙashin /var/lib/dkms, kuma maganinsa sabon direba.

Kafin ka wahala neman sabo, duba ko ma kana buƙatarsa. Tun daga kanel 6.2 an shigar da direban Wi-Fi na Realtek samfurin RTL8821CU da RTL8822BU cikin kanel da kansa, a rukunin direbobi mai suna rtw88. Sau da yawa tsohon direban waje ya bar ɗan fayil a /etc/modprobe.d da ya haramta wa na kanel tashi, shi kuma ya kasa ginuwa, sai ka zama ba tsuntsu ba tarko. Rubuta grep -r rtw /etc/modprobe.d. In ka ga layin blacklist, share shi, cire tsohon direban da sudo dkms remove, ka bi shi da suna da lambar da dkms status ya nuna, da --all a ƙarshe, ka sake kunnawa a kan sabon kanel.

Saura abu ɗaya. Idan dkms ya ce installed amma har yanzu shiru, rubuta mokutil --sb-state. In Secure Boot, tsarin tsaron da ke tantance abin da kwamfuta ke tashi da shi, na kunne, kanel ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannun da ya sani, zai ce Key was rejected by service. Ko dai ka shigar da makullin MOK, wanda ke sa kanel ya gane sa hannun direbanka, a shuɗin allon da ke fitowa wajen kunnawa, wanda mutane kan wuce da sauri ba su karanta ba, ko ka kashe Secure Boot a BIOS.

Tambaya: Muna da shagon buga takardu, kwamfutar na da Linux Mint. Ana cikin sabuntawa aka ɗauke wuta, UPS ɗin bai riƙe ba. Yanzu tana tashi, kibod da linzami na aiki, amma Wi-Fi na USB da sauti sun ɓace, rubutun allo kuma ya yi manya-manya. Mai shago, daga Kano.

Amsa: Alhaji, taka ba laifin sabon kanel ba ne, rabinsa kawai ya sauka. Mint a kan Ubuntu aka gina ta, su kuma sun raba kanel kashi-kashi: linux-image, da linux-modules mai direbobin da ake buƙata don tashi, da linux-modules-extra inda tarin direbobin Wi-Fi, sauti da hoto suke. In wuta ta katse kafin na ukun ya zauna, kwamfuta za ta tashi amma gurguwa, daidai yadda ka kwatanta.

Shiga tsohon kanel ta GRUB kamar yadda muka yi bayani a sama, ka haɗa intanet, sannan ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt -f install
dpkg -l | grep linux-modules-extra

Na farko yana ƙarasa abin da aka bari a buɗe, na biyu yana kawo abin da ya rage. A na ukun nemi lambar sabon kanel, ka tabbata layinsa ya fara da ii. In babu shi, ko ya fara da wasu haruffa, ɗora shi da apt da cikakkiyar lambarsa, ka rufe da sudo update-initramfs -u -k all.

Ka kuma duba df -h /boot. A kwamfutocin da aka ware wa /boot ɗan ƙaramin wuri, tsofaffin kanel kan cika shi, sabon ya kasa rubutuwa gaba ɗaya ko da wuta na nan daram. Umarnin sudo apt autoremove na share su, amma sai bayan sabon ya tabbata yana aiki, kada ka sare reshen da kake zaune a kai. Batirin UPS ɗin nan kuwa, a canza shi kafin sabuntawa ta gaba.

Tambaya: Faifan ajiya na waje da nake zuba hotunan biki a ciki, tun da kanel ya canza yake yankewa a tsakiyar kwafi. Ya ɓace, ya dawo, wani lokaci da ƙarar ƙas-ƙas. Mai ɗaukar hoto, daga Maraɗi.

Amsa: Malam, tun da aikin mutane ne a ciki, fara kwafe shi zuwa wani wuri ta tsohon kanel ko wata kwamfuta, da yake kowace yankewa a tsakiyar rubutu na iya ɓata fayil. Sai bincike ya biyo baya.

Cire faifan, rubuta sudo dmesg -w, ka bar taminal a buɗe, sannan ka soka shi. Kanel zai riƙa faɗin abin da yake gani a kan idonka. In komai daidai ne za ka ga new SuperSpeed USB device, sunan kamfani, sai sdb ko sdc, sunan da Linux ya ba faifan. Fara kwafi, ka zuba ido lokacin da zai yanke.

Idan abin da ya fito shi ne device descriptor read/64, error -71 ko error -110, matsalar ta fi kusa da waya da wuta. Lamba -71 na nufin saƙon ya iso a gurɓace, -110 na nufin an jira na'urar ba ta amsa ba. Ramin USB 2.0 milli-amfiya 500 yake bayarwa a kan bolt 5, na USB 3.0, wanda galibi shuɗi ne a ciki, 900. Faifai mai juyawa na inci 2.5 yana jan wuta sosai lokacin da zai fara juyi, ƙas-ƙas ɗin nan sau da yawa ƙarar faifan da wuta ba ta ishe shi ba ce. Gwada gajeriyar waya mai kauri, ka soka kai tsaye ba ta mahaɗin USB marar wutar kansa ba, a tebur kuma ka yi amfani da ramukan baya. Irin wannan yakan faɗo daidai da sabuntawa a ɗora wa kanel laifi, alhali wayar ta daɗe tana mutuwa. In a tsohon kanel ma yana yankewa, ka wanke kanel. In ƙarar ta ci gaba a kowace kwamfuta da sabuwar waya, faifan ne ke bankwana.

Idan kuwa ka ga layuka masu uas_eh_abort_handler ko uas_eh_device_reset_handler, nan ne kanel ke da hannu. Hanya biyu Linux ke magana da faifan USB: tsohuwar usb-storage, da UAS mai sauri wadda ke aika umarni da yawa a lokaci ɗaya. Wasu kwansunan faifai suna iƙirarin sun iya UAS amma suna sarƙewa in kaya ya yi yawa, kuma ɗan canji a kanel ya isa ya tona asirinsu. Umarnin lsusb -t zai nuna Driver=uas a layin faifan. Ɗauko lambarsa daga lsusb. A ce 152d:0578 ce, ta JMicron.

Gwada kafin ka dawwamar. A allon GRUB danna e, nemi layin da ya fara da linux, ka ƙara wannan a ƙarshensa:

usb-storage.quirks=152d:0578:u

Danna F10. Wannan na tashi ɗaya ne kawai, in ka yi kuskure sake kunnawa zai share shi. Harafin u na cewa a bar UAS ga wannan na'ura kaɗai. In ka kwafi manyan fayiloli bai yanke ba, buɗe /etc/default/grub, sa shi cikin alamomin zance na layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT bayan quiet splash, ka rubuta sudo update-grub. Wannan matakin na ƙarshe shi aka fi mantawa, sai a ce gyaran bai yi ba. Umarnin cat /proc/cmdline zai nuna maka ko ya shiga. Gudun zai ɗan ragu, amma a faifai mai juyawa da ƙyar ka lura.

Akwai na uku: na'ura ta yi aiki, in an bar ta ba a taɓa ba ta yi barcin da ba ta farkawa. Tanadin batir ne, kuma manhajojin tanadin wuta irin su TLP ko powertop kan tsananta shi. A gwada usbcore.autosuspend=-1 ta wannan hanyar ta GRUB. Batir zai ɗan fi saurin ƙarewa, don haka ba abin sawa ba ne sai an tabbatar shi ne ciwon.

Tambaya: Ina kan Arch Linux. Ina gama sabuntawa na soka filash, fitilarsa ta kama amma bai fito ba. Ban kashe kwamfutar ba tukuna. Injiniya, daga Kaduna.

Amsa: To ka kashe ka kunna, shi ke nan. Arch, ba kamar Ubuntu ba, tana share direbobin tsohon kanel daga /usr/lib/modules da zarar sabo ya sauka, alhali tsohon ne ke gudana. Ka soka filash, ya je ɗauko direbansa, ya tarar an kwashe. Kwatanta uname -r da pacman -Q linux, za ka ga lambobin sun bambanta. Ka ɗora linux-lts, kanel mai dogon tallafi, a gefe, domin a Arch shi ne madogararka ranar da sabon kanel ya ƙi.

Tambaya: Ina koya wa ɗalibai Arduino, ƙananan allunan lantarki da ake ɗora wa umarni ta USB. Da muka koma Ubuntu 22.04 daga 20.04, allunan sun daina fitowa, babu ttyUSB0, sunan da suke fitowa da shi a Linux. Kanel ne? Malamar makaranta, daga Katsina.

Amsa: Malama, wannan karon kanel ya yi aikinsa, wani ne ya ƙwace. Allunan Arduino masu araha na amfani da CH340, ɗan guntun da ke haɗa su da USB, lambarsa a lsusb 1a86:7523. Ubuntu 22.04 ta zo da brltty, manhajar allon rubutun makafi na Braille, kuma akwai irin wannan allo da ke da lamba ɗaya da CH340. Ki duba dmesg: za ki ga ttyUSB0 ya haɗu, nan take a ce interface 0 claimed by ch341 while 'brltty' sets config #1, sai ya katse. In babu mai amfani da allon Braille a kwamfutar, rubuta sudo apt remove brltty, ki zare allon ki mayar. In akwai ɗalibi makaho da ke dogara da ita, a bar masa ita a kwamfutarsa, a yi aikin Arduino a wata.

In ttyUSB0 ya fito amma aka ce Permission denied, izini ne ya rage: sudo usermod -aG dialout $USER, sannan ki fita daga asusunki ki sake shiga, don ba ya kamawa sai an yi hakan. Kowane asusun ɗalibi sai an yi masa nasa.