Ƙofar mota ta ƙi buɗuwa da yaro a ciki, alhali batir cike yake

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Maigidana ya sayo motar lantarki ta hannu daga Amurka, irin wadda mariƙin ƙofarta yake aiki da wuta. Ranar Asabar na ɗaure ɗana ɗan wata 14 a kujerar baya, na rufe ƙofarsa, ina zagayowa wajen direba sai mota ta ƙi buɗuwa, rimot ma ya ƙi amsawa. Yaro ya yi ta kuka kusan minti 20 kafin wani makanike ya buɗe mana. Cajin motar ya haura kashi 70. Har yau hankalina bai kwanta ba. Me ya jawo haka, kuma yaya zan yi idan ya sake faruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara tsarewa, ya raya mana yaron. Abin da kika faɗa game da kashi 70 shi ne ainihin inda matsalar take, kuma kusan kullum sai na ji wannan magana daga bakin masu irin waɗannan motoci, cewa ai batir cike yake, don haka ƙofa ba za ta ƙi buɗuwa ba. Wannan fahimta kuskure ce mai haɗari. Cajin da kike gani a allon gaban direba na babban batirin da ke juya tayoyi ne, amma ƙofofi da gilasai da na'urar da ke sauraron rimot duk suna shan wuta ne daga wani ƙaramin batir mai bolt 12, ko kusan 16 a wasu sababbin motocin Tesla. Idan an kashe mota, babban batirin yakan yanke kansa daga sauran wayoyi saboda tsaro, kuma makunnin da zai sake haɗa shi ma da wutar ƙaramin yake aiki. Saboda haka da zarar ƙaramin ya mutu, ko da babban yana kashi 100, motar ta zama akwatin ƙarfe a kulle. Motar da ta daɗe a jirgin ruwa, ta sake zama a tashar ruwa, sannan ta shigo zafin ƙasarmu, ƙaramin batirinta ne yake fara gajiya, kuma da wuya mai sayarwa ya gaya wa mai saye shekarunsa.

Ba a kanki aka fara ba. A watan Yunin 2025 kamfanin Ford ya yi kiran a dawo da motocin Mustang Mach-E kusan 197,000 a Amurka saboda ƙofofinsu kan zauna a kulle idan ƙaramin batir ya yi rauni. A watan Satumba na shekarar, hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta ƙasar, NHTSA, ta buɗe bincike a kan Tesla Model Y ƙirar 2021 kusan 174,000, bayan iyaye sun kai ƙorafin cewa sun kasa isa ga 'ya'yansu, har wasu suka fasa gilashi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu gyaran bakin titi da suke zuwa da waya ko ƙarfe suna zurawa ta gefen gilashi, kamar yadda ake yi wa tsofaffin motoci. A yawancin waɗannan ƙofofi babu sandar da ƙarfen zai kamo daga waje, sai dai ya yage roba ya tsinka wayoyi, lokaci kuma yana tafiya. Wasu har batirin tirela mai bolt 24 suke jawowa su jona, su ƙona kwamfutar motar. Duk wannan ana yinsa yaro yana ciki, alhali zafin cikin rufaffiyar mota kan ƙaru da kusan digiri 11 a ma'aunin Celsius cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar. Idan yaro yana ciki kuma mota tana rana, kada ki jira kowa, kada kuma ki saurari mai lissafa miki kuɗin gilashi. A fasa gilashin da ya fi nesa da yaron, a buga a kusurwarsa da abu mai tsini. Ki duba tambarin da ke jikin kowane gilashi tun yau, domin na ƙofofin gaba a sababbin motoci da yawa mai roba ne a tsakani, yana tsagewa amma ba ya zubewa.

Idan babu kowa a ciki, a fara duba rimot, domin da yawa suna da ƙaramin makullin ƙarfe a ɓoye, ramin sa shi kuma yana bayan mariƙin ƙofar direba. A Tesla Model 3 da Model Y babu ramin makulli, sai wani murfi a jikin bambar gaba mai wayoyi biyu, ja da baƙi, waɗanda ake ba wutar bolt 12 bonet ya buɗe, sannan a isa ga ƙaramin batir a tayar da shi. Daga ciki kuwa akwai mariƙin hannu da ba ya buƙatar wuta, a gaban makunnan gilashi a ƙofofin gaba, amma na baya a Model Y, idan ma akwai shi, yana ɓoye a ƙasan aljihun ƙofa, inda ƙaramin yaro ba zai taɓa kaiwa ba.

Ki nemi maigida ya sa a auna ƙaramin batirin a wannan makon, a canja shi idan ya yi rauni, ku buɗe littafin motar tare ku gwada kowane mariƙin gaggawa da hannunku. Kafin nan, duk lokacin da za ki sa yaron a mota, ki fara buɗe ƙofar direba ki bar ta a buɗe, sannan ki rufe tasa.