Yarona yana dawo da abincin makaranta bai taɓa ba: me zan ɗaura masa wanda ba sai an ɗumama ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Mabera, cikin garin Sakkwato, kuma ina da yaro ɗan shekara huɗu da ke ajin nazare. Yana da zaɓen abinci ƙwarai. Shinkafa ko taliyar da nake zuba masa da safe yakan dawo da ita, ya ce ta huce, makarantar kuwa ba ta da wurin ɗumama abinci. Wane irin abinci ne zai iya ci da sanyinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya mana shi. Zaɓen abinci ya fi tsanani tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma yawancin yara sukan wuce shi. Sai dai kafin a zo ga abin da yaro zai so, a garinmu dole a fara duba abin da zai jure zafi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a cikin sanyi ba. A Sakkwato kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, saboda haka shinkafar da aka zuba ƙarfe bakwai, aka buɗe ƙarfe goma sha ɗaya, ta riga ta wuce ƙa'ida. Shinkafa ma ta fi ban tsoro, domin akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa ba ta kashe ƙwayayenta, idan abincin ya huce sai ta farfaɗo ta haifar da amai ko gudawa.

Shawarata ita ce ki koma ga abinci marar romo wanda yaro zai ɗauka da hannu. Gurasa ko burodi da aka shafa wa tunkuzar gyaɗa kaɗan, masa ƙanana ba tare da miya ba, hoce mai laushi, soyayyen dankalin Hausa da aka yanka dogo-dogo, duk waɗannan ba sa canza ɗanɗano sosai idan sun huce. Don gina jiki, ƙosai da awarar da aka soya ta bushe sun fi alale, wadda ruwan jikinta ke sa ta saurin yami. Dafaffen ƙwai yana da kyau idan ya dahu sosai kuma aka bar shi cikin ɓawonsa, amma shi ma yana buƙatar sanyi. Hanya mafi sauƙi ita ce ki daskarar da ledar ruwa ɗaya ko ƙaramar gora, ki naɗe ta da ƙyalle, ki jingina ta da mazubin abincin a cikin jaka. Kafin lokacin tara ta narke ta zama ruwan shansa. Idan babu wutar lantarki, ƙanƙarar da ake sayarwa a unguwa ta wadatar. Fura da nono, kunun aya, da kwaɗo mai ɗanyen tumatir da albasa, a bar su sai ya dawo gida. 

Ga mai shekara huɗu akwai haɗarin shaƙewa da iyaye ba su cika lura da shi ba. Gyaɗa guda-guda, aya da ƙuli-ƙuli mai tauri ba su dace da yaron da bai kai shekara 5 ba, musamman a wurin da zai ci yana guje-guje. Dabino sai an cire ƙwallonsa an tsaga shi, karas kuma a ɗan turara shi ya yi laushi. Lemon zaƙi da aka ɓare da ayaba ƙarama sun fi yankakkiyar kankana jure jaka.

Dangane da zaɓen kansa, kuskuren da na fi gani shi ne cika mazubi fal, alhali yaron da ya buɗe ya ga tudu yakan rufe ya tafi wasa. Ƙosai uku, dankali yanka huɗu da rabin lemo sun ishe shi. Kada kuma miya ko mai ya taɓa sauran abincin, domin yara masu zaɓe sun tsani cakuɗa. Sabon abu a gida ake fara gwada shi, ranar Asabar ko Lahadi, a gabanki kina ci yana gani, kuma sau da yawa sai an gabatar wa yaro abu sau 10 ko fiye kafin ya karɓa. Da daddare ki ba shi zaɓi tsakanin abu biyu kawai, misali masa ko gurasa, kuma ki tabbatar yana iya buɗe murfin da kansa. Biskit da lemon kwali kuwa, idan suna cikin jakar, su zai fara ci ya ƙoshi.

Idan kin lura yana ramewa, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko yana kakarin amai duk lokacin da ya sa abu mai ƙarfi a baki, to ki kai shi asibiti a auna nauyinsa da jininsa, domin ƙarancin jini da tsutsar ciki su ma suna kashe sha'awar abinci.